WASIƘA DAGA KAMARAWA: RAGON NIJAR DA GERON NIJERIYA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin yau maganata a kan ciniki ce tsakaninmu da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka.

Abin da ya tayar da maganar kuwa shi ne wata gardama da na tarar ana yi a Isa ran kasuwa. Wani saurayi ya daki ƙirji ya ce, wai me Nijar ta ke da shi wanda ba mu da shi? Mun fi su ruwan sama, mun fi su ƙasar noma, mun fi su jama'a, dabbobin da su ke taƙama da su kuwa mu ma muna da namu, saboda haka ko an rufe iyaka har abada su za su sha wuya, mu ko a jikinmu. Sai wani dattijo da ke zaune gefe ya ce masa, "Yaro, ragon da babanku ya yanka da layya shekarun baya, daga ina a kan kawo shi?" Saurayin ya ce, "Baba, daga Nijar, amma don ya fi araha ne kurum." Dattijon ya yi murmushi ya ce, "To, ɗana, ai ka yanke wa kanka hukunci." Aka yi dariya aka watse. Ni kuwa na koma gida ina tunani, domin ba wanda ya faɗi dalilin da ya sa ragon ƙasar da ta fi mu fari ya fi namu araha, kuma a nan ne maganar ta ke.

Da farko sai mu tuna ƙasar Gobir ɗaya ce tun asali. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 waɗansu Gobirawa suka yi arewa, daga baya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga Tsibiri kuma Ɗan Halima ya taso ya kafa Sabon Birni. Iyakar da ta raba mu Ingilishi da Faransi suka shata ta, suka kakkafa alamunta tsakanin 1906 da 1908, tsawonta duka ya kusa mil 1,000. Gulbin Maraɗi ma daga ƙasar Katsina ya taso, ya shiga Nijar, ya komo Nijeriya ya haɗu da Gulbin Rima kusa da Sabon Birni, bai taɓa nuna wa ɗan kwastan takarda ba. Amma yau ƙasashe biyu ne, kowace da kuɗinta da dokarta: Nijeriya mai mutum fiye da miliyan 200, Nijar mai mutum fiye da miliyan 25, ba ta kuwa da bakin teku. Watau babba da ƙarama ke maƙwabtaka.

A 1817, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a Sakkwato, wani attajiri na birnin Landan mai suna Dauda Rikado ya buga littafi a kan tattalin arziki da haraji. A ciki ya kawo misalin Ingila da Fotugal. Ya ce a ɗauka Ingila na bukatar aikin mutum 100 na shekara guda ta saƙa wani adadi na tufa, da aikin mutum 120 ta yi wani adadi na giyar inabi, Fotugal kuwa mutum 90 sun ishe ta tufar, mutum 80 sun ishe ta giyar. Ka ga Fotugal ta fi Ingila a duka biyun. Duk da haka ya nuna gara Fotugal ta tsaya kan inabi, inda fifikonta ya fi yawa, ta sayi tufa a Ingila, kowace ƙasa ta ci riba. Masana su kan kira wannan ƙa'idar fifikon kwatanci, domin a kan kwatanta sana'o'in ƙasa da junansu ne, a ga wacce ta fi sauƙi gare ta.

Tun da ba mu noman inabi a Gobir, bari in kawo misali da abin da mu ka sani. Lissafin nawa ne, na ƙaga shi don a gane. A ce ga gidaje biyu, yawan majiya ƙarfinsu ɗaya. Gidan kudu, inda ruwa ya ke da yawa, in sun duƙufa noma za su sami buhu 40 na gero a shekara, in kuwa kiwo suka tsaya a kai za su fid da rago 10. Gidan arewa, inda ƙasa ta ke rairayi, in sun yi noma buhu 12 za su samu, in kiwo rago 6. Gidan kudu ya fi na arewa a noma, ya fi shi a kiwo, daidai yadda saurayin nan ya faɗa. To, amma taura biyu ba ta taunuwa. Duk ragon da gidan kudu ya kiwata, gero buhu 4 ya bari domin sa. Gidan arewa kuwa buhu 2 kaɗai ya ke bari domin rago ɗaya. Ashe ainihin kuɗin rago shi ne geron da aka fasa nomawa, shi ya sa ragon arewa ya fi araha.

Yanzu a ce sun haɗu a kasuwa, aka daidaita rago ɗaya a buhu 3. Gidan arewa ya kawo rago 6, ya koma da buhu 18, alhali da ya yi noma da kansa 12 zai samu. Gidan kudu ya ba da buhu 18 ya karɓi rago 6, alhali da ya kiwata su da kansa buhu 24 za su ci masa. Kowa ya ƙaru da buhu 6, ba wanda ya cuci wani, ba kuwa wanda ya yi wa wani sadaka. Abin da Hausawa su ka taƙaita ke nan da su ka ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

In mutum ya tsaya a kasuwannin bakin iyaka, kamar Illela da Ƙonni, ko Jibiya, ko Maigatari, zai ga lissafin nan yana tafiya da ƙafafunsa. Shanu da raguna da awaki da raƙuma su kan gangaro kudu, gero da dawa da masara kuwa su kan hau arewa, mafi yawa daga manyan kasuwannin hatsi irin su Dawanau ta Kano. Dubi wake ma. Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, amma duk da haka tana sayen na Nijar, domin wake yana jure ƙarancin ruwa, ya karɓi ƙasarsu, masu cinsa kuwa sun fi yawa a wajenmu. Albasa kuma mu da su duk gwanaye ne: ta Galmi ta yi suna har Gana da Kwaddibuwa, tamu ta fadamun Rima tana zuwa har Ikko, saboda sanyin hunturu da busasshiyar iska da albasa ke so ba su a ƙasashen kurmi. Haka jar akuya, wadda mu ke kira ta Sakkwato su kuma su ce ta Maraɗi. Tun zamanin fatake a kan ƙetare hamada da fatarta, har Turawa suka riƙa kiran jimammiyar da sunan Maroko, don ta can ta ke isa gare su.

Kakanninmu ba su karanta Rikado ba, amma sun iya lissafinsa. Sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Ingilishi auduga su ke sa rai za a noma musu domin masaƙunsu. Manoma suka auna, suka ga gyaɗa ta fi biya, ba ta hana su shuka gero, in kuma ciniki ya ɓaci ana iya cinta, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Daga 1912 sai gyaɗa ta cika tashar Kano. A 1929 jirgi ya iso Ƙaura Namoda, nan kusa da mu. Gyaɗar Maraɗi ma ta Kano ta riƙa bi zuwa teku, don ita ce hanya mafi kusa, har Faransi suka shirya karkatar da ita ta Kwatano wajen 1953. Amma fifiko ba ya tabbata har abada. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka durƙusar da wannan ciniki, dalar gyaɗa ta zama labari.

Akwai kuma wani abu game da ƙaramar ƙasa wanda ya kamata a lura da shi. Ita ba ta yanka farashi, sai dai ta karɓi wanda babbar kasuwa ta yanka. A misalinmu, in gidajen kudu sun yi yawa ƙwarai, na arewa kaɗan ne, kuɗin rago zai matsa kusa da buhu 4, watau yawancin ribar ta tafi ga ƙaramin. To, amma wanda ya fi cin riba in ƙofa na buɗe, shi ya fi shan wuya in an rufe ta. A nan saurayin nan yana da gaskiya, sai dai ya manta mu mazauna bakin iyaka tare da su mu kan sha wuyar.

Yanzu sai in zo kan wani irin ciniki dabam, wanda ya yi kama da na fari a ido, amma asalinsu ba ɗaya ba ne. Jama'a, shinkafar Tailan da ta Indiya da aka daɗe ana shigo mana da ita daga Maraɗi, a wace fadama ta Nijar aka noma ta? Gwanjo da taba sigari fa, a wace masana'anta ta Maraɗi aka yi su? A Kwatano aka riƙa sauke su, a hau da su arewa, sa'an nan a juyo da su Nijeriya ta hanyoyin daji, saboda Nijeriya ta hana shigo da su ko ta tsananta kuɗin fito, maƙwabta kuwa sun sassauta. Da wannan ciniki manyan Alhazan Maraɗi da yawa suka yi dukiya. Haka man fetur da ya riƙa tsallakawa daga wajenmu cikin jarka: arhar tasa a wancan lokaci daga tallafin gwamnati ta ke, ba daga ƙasa ko gwanintar kowa ba. Ribar irin wannan ciniki alƙalami ne ya haife ta, alƙalami kuwa kan kashe ta dare ɗaya.

Ban faɗi wannan da ka ba, a gidanmu na gani. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya jinginar da rabonsa na fadama ya sayi babur, ya shiga ɗaukar mai zuwa ƙetare. Mahaifinmu ya kira shi ya ce, "Kai yaro, gona ba ta ƙarya, ka bar wannan hanya." Ya ce, "Baba, abin da na ke samu a mako guda albasa ba ta ba ni shi a wata." Gaskiya kuwa ya faɗa, a lokacin. A watan Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, suka yi ta fama. Ran 29 ga Mayu 2023 shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya ƙare, kafin mako ya zagayo kuɗin lita ya ninka fiye da biyu, ribar jarka ta zaizaye. Yau babur ya tsufa, fadamar tana hannun wani, ƙanena yana yi wa mutane ƙwadago a gonar da ta ke tasa a da. Ba shi kaɗai ba ne a ƙasar Isa da Sabon Birni. Can ƙetare ma abin ya taɓa su: ko da ya ke suna da matatar mai a Damagaram tun 2011, a watan Maris 2025 sai da aka yi dogayen layuka a gidajen mai na Yamai, domin man Nijeriya mai arha da su ka saba da shi ya janye. Haka kuma tun da iyakar Nijar da Binin ta rufu a 2023, hanyar Kwatano ta toshe wa 'yan kasuwar Maraɗi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Rago da wake da albasa kuwa, an karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, naira ta faɗi ba sau ɗaya ba, gwamnatoci sun zo sun wuce, ba su daina neman hanyar kasuwa ba, domin tushensu yana cikin ƙasa da ruwan sama da sanin kiwo da aka gada.

To, amma kada a ce na mai da Rikado annabi. Lissafinsa yana tsaye ne bisa sharaɗi guda, watau hanya a buɗe ta ke, mai rago zai iya kai ragonsa, mai gero zai iya kawo geronsa. Mu kuwa mun ga abin da kan faru in sharaɗin ya warware. Daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986 Nijeriya ta rufe iyakokinta, aka kuwa yi rashin sa'a ya zo daidai da babban fari, har mutanen Maraɗi suka laƙaba wa yunwar shekarar suna Elbuhari. A 2005, bayan fari da fara na 2004, hatsi na nan a kasuwannin Nijar amma kuɗinsa ya tashi, kuɗin dabba ya faɗi, makiyayi ya sayar da bisashe da yawa kafin ya sami abin da ɗaya ke saya masa a da, yara suka yi ta tamowa a jihar Maraɗi. An sake rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Ita ma Nijar ta rama da nata: a Oktoba 2024 ta hana fid da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso, a Mayu 2025 kuma, ana gab da babbar salla, ta hana fid da dabbobi. Duk wanda ya nemi ragon layya a wannan shekara ya san amsar tambayar saurayin nan a aljihunsa.

Mu a nan kuma akwai wata rufewa da ta fi ta gwamnati ciwo, ita ce ta 'yan bindiga. Tun 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa suka yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi, wajen Gidan Runji da kewaye. A Satumba 2021 gwamnatin Sakkwato ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da namu, domin ta toshe wa ɓarayi kafa. Manomin da ba ya iya zuwa gonarsa sai ya biya ɗan bindiga haraji, makiyayin da aka kore masa garke, wane fifiko ya rage musu? Ƙasa na nan da albarkarta, amma ba ta kai kanta kasuwa.

Saboda haka ga shawarata, in an yarda. Ga samarinmu, kafin ka zuba dukiyarka cikin wata sana'a ta bakin iyaka, tambayi kanka daga ina ribar ta ke fitowa. In daga fadama ce, ko kiwo, ko jima, ko wata gwaninta ta hannunka, riƙe ta da kyau, ka ƙara mata da rijiyar burtsatse da injin ban ruwa da wurin ajiya mai kyau, domin fifiko abu ne da a kan gina. In kuwa daga bambancin doka ce tsakanin Abuja da Yamai, to, ka sani ranar da aka canja dokar ba za a yi shawara da kai ba, kada ka jinginar da gona dominta. Ga manomanmu, ku yi albasa da wake da tattasai domin kasuwa, amma kada ku bar rumbu wayam, ku yi koyi da kakanninmu da su ka zaɓi gyaɗa don ana iya cinta. Buhu shidan da mai lissafi ya ce ka yi hasara saboda ka noma geron gidanka, kuɗin rigakafi ne ka biya, da ruwan ciki kuwa a kan ja na rijiya.

Ga hukumomin ƙasashen biyu kuma, muna roƙo da ladabi, in manya sun saɓa kada a huce a kan buhun gero da ragon talaka. An aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, madalla da wannan. Amma mu mutanen Gobir bukatarmu ta fi wannan sauƙi: a tsare mana hanyar Isa zuwa Sabon Birni, da wadda ta wuce zuwa iyaka, a rage shingayen da a ke tatsar direbobi, a bar abinci da dabba su wuce bisa ƙa'ida sananna wadda ba ta canjawa da fushin kowa. In an yi haka, gidan kudu da gidan arewa kowa zai sami buhunsa shida.

Ina fata saurayin nan na kasuwar Isa zai sami wanda zai karanta masa wannan takarda, in kuma yana da ja, ga fili nan, Edita ba ya hana kowa. Allah shi ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, shi mai da 'yan gudun hijira gidajensu, amin. Haza wasalam.

Ni ne naku,
Akawu, Kamarawa.